Daga Bakin Inji Zuwa Riƙon Mutane

Ni manajan wani matsakaicin injin casar shinkafa ne a ƙasar Kura, kuma daga cikin ma'aikatan wurin aka ɗauko ni aka ɗora. Kafin nan afareta ne ni, aikina in tayar da inji, in daidaita robar da ke ɓare ɓawon shinkafa, in kasa kunne ga ƙarar bel. Yankinmu kowa ya san shi da shinkafa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bi ta magudanan Kadawa yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noma rani da damina. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, injuna suka yi ta tsirowa a bakin titin Zariya da cikin ƙauyuka. Mai kuɗi kan kafa inji cikin 'yan makonni, sai ya duba cikin yaransa, wanda ya fi iya aiki da riƙon amana ya ce masa, daga yau kai ne manaja. Ba wanda zai zaunar da kai ya koya maka. Abin da zan faɗa a nan na masu irin wannan matsayi ne, ko injin shinkafa suke riƙe da shi, ko rumbun tsaftace riɗi da zoɓo a wajen Maigatari, ko wata gona a kwarin Haɗeja.

Abu na farko da ke kayar da sabon manaja shi ne hannunsa ya ƙi barin tsohon aikinsa. Da ƙarar inji ta canza, ƙafarsa za ta kai shi can tun kafin ya yi tunani, ya ture sabon afareta ya karɓi sifana. Yana can cikin ƙura, ga mota a waje ana sauke shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ba wanda ya tsaya kan sikeli, ga shanya rana ta cinye, ga littafi ba a cike ba. Shi kuma sabon afaretan ba zai taɓa ƙwarewa ba, don ya san ko ya yi ko bai yi ba za a zo a karɓa. Maganin abin shi ne tun makon farko ka fitar da wanda zai gaje ka, ka tsaya a bayansa hannunka a goye, ka yi magana da baki kawai. Ku yi yarjejeniya kan abin da dole ya kira ka a kai: in ya ji ƙaurin bel, in boris ya yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu, ko in tsaki ya fara yawa a abin da ke fitowa. Sauran kuwa nasa ne, har da ɗan kuskuren da zai yi a ciki.

Mutanen da ke ƙarƙashinka ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ke ɓata wa kowa rai daban. Akwai 'yan albashi: afareta da yaronsa, mai awo, mai gadi. Su damuwarsu ƙarshen wata da mutunci. Akwai 'yan dako da ake biya kan kowane buhu, su ƙirga ce ke haɗa su faɗa da kai. Akwai 'yan shanya masu aikin yini. Sannan akwai mata masu turara a cikin gidaje, waɗanda wasunsu ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba, amma kyau ko munin shinkafarka daga hannunsu yake fitowa.

Rigimar da na fi gani tsakanin manaja da waɗannan mutane duk tushenta ɗaya ne: kaya sun yi ƙasa, ba a san a ina suka ragu ba, sai a shiga zargi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wurin casa kimar ido ba ta raba gardama, don kowa da nasa idon. Sikeli da littafi su ke rabawa. Kilo 100 na shanshera mai tsabta, busasshiya, in an turara ta yadda ya kamata, takan ba da kilo 62 zuwa 68 na casasshiyar shinkafa. Ɓuntu kan kwashe kusan kilo 20, dusa 8 zuwa 10, ragowar ƙura ce da tsakuwa. To in ka wayi gari kana samun 57 ko 58, akwai inda kaya ke tsiyaya. Sabon manaja zuciyarsa sata take fara raya masa, alhali sata ita ce ta ƙarshe a jerin abin da ya kamata ya duba.

Ka fara da wurin saye. Shansherar da aka sayo da ɗanyenta, danshinta na kashi 20 cikin 100, in ta bushe ta koma kashi 14, kilo 100 zai dawo 93. Kilo bakwai sun tafi a iska ba wanda ya taɓa su. In ba ka auna danshi ranar da aka sauke ba, waɗannan kilo bakwai a wuyan mai gadi ko na matan turara za su faɗa, ka ci zalin mutane kana ganin kana tsare dukiyar Alhaji mai wurin. Haka yashi da holoƙon da ake cusawa a tsakiyar buhu. Don haka ba a karɓar buhu da sunansa na buhu. A ɗora shi kan sikeli, a soka masa ƙarfen ɗiban samfur sama da tsakiya da ƙasa, a rubuta nauyi da danshi a gaban wanda ya kawo.

Awo huɗu nake yi wa kowane zubi: ranar shigowa, ranar fita zuwa turara, ranar dawowa, da bayan casa. Kowane buhu ana rubuta masa kwanan wata da alamar gidan da ya turara shi. Ba a haɗa zubin gida biyu a casa tare, kuma ba a gwama iri biyu. Sipi, wato FARO 44, da Wita, wato FARO 52, da Jamila, ƙwayarsu ba kauri ɗaya ba ce, tazarar robar da ta dace da wannan za ta murƙushe waccan ko ta bar ta ta wuce da ɓawonta. Wannan tsari yana cin lokaci, 'yan dako za su yi gunaguni don ɗora buhu kan sikeli ƙarin ɗauka ne, saboda haka ka sa musu ladan wannan ɗaukar a cikin lissafi tun farko. Amfaninsa shi ne ranar da kaya suka ragu, ba sai ka kira kowa ɓarawo ba. Ka buɗe littafi a gaban wanda abin ya shafa, ku duba tare tsakanin wane awo da wane awo aka samu giɓi. Mutum yana iya jure a nuna masa lamba. Abin da ba ya mantawa shi ne a zarge shi a gaban 'ya'yan cikinsa.

Sha'anin mata masu turara yana buƙatar nasa hankalin. Ba ka shiga gidajen mutane, sai dai ka bi ta hannun dattijuwar da suka amince ta shugabance su, ko ta hannun mazajensu. Saƙon baki kuwa yana lalacewa a hanya. In ka aika cewa a gyara turara, abin da zai isa kunnensu shi ne manaja ya ce ba ku iya ba. Abin da ke aiki shi ne samfur. Nakan ɗura casasshiyar shinkafa a ƙananan kwalabe uku, ɗaya mai kalar da ake so, ɗaya wadda ta yi duhu, ɗaya mai farin ɗigo a tsakiyar ƙwaya, in miƙa wa shugabarsu a zaure in ce, "Inna, ga abin da 'yan kasuwa ke nema, ga kuma biyun da suke karya wa farashi. Ku kun fi ni sanin wuta." Kowace matsala tana da sanadinta, kuma su ma sun sani in an bar su su faɗa. Duhu daga tururi ne da ya wuce kima, ko shinkafar ta zauna cikin ruwan ƙasan tukunya ta dahu maimakon ta turara. Farin ɗigo alamar jiƙo bai ratsa ba ne ko an sauke da wuri. Warin tsami kuma daga barin ta ne ta daɗe cikin ruwan sanyi. Ƙa'idar ita ce a wanke a kwashe abin da ya taso sama, a jiƙa da ruwan zafi wanda hannu ba ya iya daɗewa a ciki amma bai tafasa ba, ta kwana, a tsane, a turara a tukunya mai rariya a rufe da buhun algarara, a sauke da zarar ɓawon ya fara tsagewa. Sau da yawa in ka bi diddigi za ka tarar ba rashin iyawa ba ne, itace ne ya yi tsada suke tsimi, ko tukunyar ba ta da rariya. Wannan kuwa gyaransa a hannunka yake: ka aika musu ɓuntu su riƙa hura wuta da shi, ka kai wa maƙeri ya yi musu rariya.

Wanda ya fi wuyar sha'ani ga matashin manaja shi ne dattijon da ya girme shi, wanda wataƙila ma shi ya koya masa ɗaurin buhu. A wurinmu irin wannan shi ke riƙe da filin shanya. Gwajinsa haƙori ne: ya ɗauki ƙwaya ya ɓare, ya ciza, in ta ce ƙas ya ce ta bushe. Yawancin lokaci yana daidai. Inda haƙori ke yaudara shi ne lokacin zafin bazara, in an baza ta da tsakar rana a kan siminti. Bayan ƙwayar ya ƙeƙashe, cikinta da sauran laima. Ko kuma da hunturu, iska ta zuƙe ta har ta gangara kashi 10 ko 11, ta shiga inji ta fito rabi tsaki. Ana so a casa ta tana kashi 13 zuwa 14. In na'urar gwada danshi ta nuna 17 shi kuma ya riga ya ce a kwashe, ba na ɗaga na'urar a gaban samari in karanta lamba. Nakan matsa kusa da shi in rage murya.

"Baba, don Allah zo ka taya ni duba wani abu."

Sai mu ɗebi kwano guda mu zuba a inji mu biyu. Shinkafar da ba ta gama bushewa ba ba ta ɓoyuwa: za ta fito dusa manne a jikinta, kalarta a dushe, ragar injin gogewa ta fara toshewa, in ka damƙa a tafin hannu ka ji ta da ɗumi tana ɗan danƙo. Zai juya ta a hannunsa, ya shinshina, ya yi shiru. Daga nan shi da kansa zai fita ya ɗaga murya.

"Kai, ku tara ta a inuwa ku rufe, sai da yamma a sake bazawa!"

Umarnin ya fito daga bakinsa, girmansa bai zube ba, shinkafa ta tsira. Kuma abin da ya faɗa shi ne daidai: a shanya da kaurin da bai wuce yatsu biyu ba, a riƙa motsawa a kai a kai, in ta yi rabin bushewa a tara a inuwa ta huta don laimar ciki ta fito waje, sannan a ƙarasa. Daga baya na'urar a hannunsa nake barin ta. Dattijon da aka ba amanar na'ura yakan fi kowa tsananta amfani da ita.

Bayar da umarni ma abu ne da ake koyo. Kowace safiya kafin a tayar da inji nakan tara mutane a tsaye, ba zama, na minti biyar zuwa goma: buhu nawa za a casa yau, na wane ne, wa ke kan sikeli, wace mota ake jira. Kalmar "a yi" ita ce babbar matsala. In ka ce a share injin cire tsakuwa, kowa zai gyaɗa kai, ba wanda zai share. Ka kama suna, ka faɗi lokaci, kafin Azahar ko bayan La'asar, sannan ka ce ya maimaita maka abin da ya ji. A al'adarmu yaro ba ya ce wa na gaba da shi ban gane ba, "to" kawai zai ce. Saboda haka "to" ba shaida ba ce. Yabo a bainar jama'a ake yin sa, kuma a faɗi takamaiman abin da mutum ya yi, kamar cewa jiya ya lura robar da ke saurin juyi ta fi cinyewa ya musanya su kafin tsaki ya yi yawa. Faɗa kuwa a bayan ɗaki, kai da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta ne ma'aikata ke yanke hukuncin ko kai shugaba ne ko ɗan aike. Hadisin nan da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe ba wanda bai haddace shi ba a cikinsu, kuma da shi za su auna ka. Ka tsayar da ranar biya kada ta motsa. Mu Alhamis da yamma muke sallamar 'yan mako, don mutum ya wayi gari Juma'a da abin cefane. Ƙirgar 'yan dako ba a barin ta ta kwana. Kullum kafin a tashi, mai awo ya karanta da ƙarfi, wane buhu kaza, wane buhu kaza, kowa ya amsa, shugabansu ya rubuta a nasa littafin, kai ma ka rubuta a naka. Gardamar buhu uku in an yi ta a ranar, minti biyu ce. In ta kai Alhamis ta zama rantsuwa da Alƙur'ani. In kuma ka hango kuɗi ba za su samu a ranar biya ba, ka faɗa tun Talata, ka faɗi ranar da za su samu, kada ka kashe waya ka ɓuya. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar Naira ta yi wuya, wuraren da suka riƙe ma'aikatansu su ne waɗanda suka zauna da su aka yi shawara: wanda ke da asusu a tura masa, wanda ba shi da shi a haɗa shi da mai POS kuma kamfani ya ɗauki cajin, wanda ya fi son a ba shi shinkafa a auna masa a farashin sari.

Adibas ba a hana shi, don haihuwa da rashin lafiya da rasuwa ba sa jiran Alhamis. Amma a yi masa ƙa'ida ɗaya ga kowa. Tawa ita ce kada ya wuce rabin abin da mutum ke samu a mako, kada a ƙara wani sai an biya na baya, kuma a rubuta a sa hannu ko a dangwala. Kada ka ba da shi daga aljihunka, kada kuma kai ka ci bashin wanda ke ƙarƙashinka ko na sisin kwabo. Ranar da za ka yi masa faɗa, bashin nan zai tsaya tsakaninku.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba a ɗauke su komai ba, amma su ke rusa wuri. Layin masu kawo casa na ɗaya. Manomi ya kawo buhu biyu tun asuba a kan amalanke, dillali ya zo da hantsi da buhu talatin ya cusa wa yaron afareta na goro, sai ga kayansa a gaba. Manomin ba zai yi magana ba, amma ba zai dawo ba, kuma ƙauyensu duk za su ji. Lamba ake rubutawa da alli a jikin buhu yadda aka iso, in akwai dalilin tsallake layi, kai za ka je ka roƙi na gaba da bakinka. Na biyu shi ne abin da ya zube a ƙasa, da dusa, da tsaki. In ba a faɗi mai su ba, kowa zai ɗauka nasa ne, har ka ga an fara zubarwa da gangan don shara ta yi auki. Ka sa Alhaji ya yanke hukunci sau ɗaya, a sanar: dusar mai kawo casa tasa ce ko ta inji, shara a tara a auna, in za a raba wa ma'aikata a raba a fili ranar biya.

Abokanka na da, waɗanda kuke cin kwano ɗaya, za su gwada ka a makonnin farko, ba don mugunta ba, suna son su san inda iyakar take ne. Wani zai makara ya shigo yana murmushi yana kiranka da sunan wasa. Ba sai ka daina cin abinci da su ba, wanda ya janye kwanonsa ranar da aka ba shi matsayi ya jawo wa kansa suna. Abin da za ka bari shi ne zaman gulmar Alhaji, da faɗa wa ɗaya sirrin albashin wani. Kuma hukuncin farko da za ka yanke kan makara, in ya faɗa kan amininka, kada ka tsallake shi. Kowa na kallo.

Ta sama ma akwai aiki. Mai wuri ya saba shigowa ya ba kowa umarni kai tsaye, kuma dukiyarsa ce. In ya ce wa afareta ya ajiye zubin da ka tsara ya casa na wani amininsa, kada ka warware maganarsa a gaban yara. Ka ce a yi yadda Alhaji ya ce. In kun keɓe sai ka ce, "Ranka ya daɗe, in irin wannan ta taso a riƙa sanar da ni, don akwai wanda na yi wa alkawarin La'asar, kuma sunanka ne ke jikin alkawarin." Abu uku ya kamata ku daddale tun farko: nawa za ka iya kashewa ba tare da ka tambaya ba, wa ke ɗauka da sallamar ma'aikaci, da ranar da za ka riƙa kawo lissafi. Tun 2022 da man dizal ya yi tashin gwauron zabo, lissafin da ya fi damun masu injuna shi ne lita nawa aka ƙona, buhu nawa aka casa da ita, don haka ka riƙa auna tanki safe da yamma da sanda mai alama. Mummunan labari kuwa, ko inji ya lalace ko zubi ya ɓaci, daga bakinka ya kamata ya fara ji, a ranar, tare da abin da kake ganin za a yi. In ya ji daga bakin direba, ka shiga uku.

Za a kawo maka ɗan ƙanwar Alhaji, ko yaron da mai unguwa ya aiko, a ce a ba shi aiki. Ba ka iya ƙi. Abin da za ka iya shi ne ka ba shi aiki mai ƙirga, wanda ƙwazo ko lalaci ke bayyana a littafi, kada ka ɗora shi kan sikeli ko kuɗi sai ya nuna hali, kuma ka gaya wa wanda ya kawo shi tun ranar cewa dokar kowa ita ce tasa.

In abu ya kai ga hukunci, mataki-mataki ake bi. Jan kunne na farko kai da shi, ka tambayi dalili kafin ka yi faɗa, don mai makara kullum wataƙila ruwan gonarsa ne ke zuwa da asuba, canjin lokaci kawai yake buƙata. Na biyu a gaban shaida ɗaya, dattijon wurin ya fi, a rubuta da kwanan wata. Na uku a kai wa Alhaji. Sallama ba a yin ta cikin fushi, ba a yin ta a gaban jama'a. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tsara wa'adin sanarwa: yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. A ƙauye ba kowa ke zancen wannan doka ba, amma bin ta yana kare ka, kuma a biya mutum haƙƙinsa cif a ranar da zai tafi. Gari ɗaya kuke, za ku haɗu a masallaci da wurin jana'iza, wataƙila ma kuna da surukuta.

Doka ɗaya ce ba na yi wa kowa sassauci a kanta, ko Baba ne: ba a zuwa kusa da bel da babbar riga ko rawani ko hannun riga a sake, ba a cire murfin bel inji na tafiya, ba a zura hannu a cire abin da ya toshe sai an kashe. Takunkumin hanci kamfani ke saye, don ƙurar ɓuntu tana cin ƙirji a hankali. Tarin ɓuntu a nesanta shi da janareto da wurin shan sigari, saboda wutarsa a ciki take ci ba a gani sai ta yi nisa. Yaran da ke zuwa ɗibar ɓuntu a ware musu lokacin da inji ke kashe.

Tsarin aiki kuma dole ya bi shekara yadda take. Da azumi, aikin ƙarfi daga bayan Asuba ne zuwa hantsi, lodin mota a bar shi sai bayan Tarawihi. Ranar Juma'a a kashe inji da wuri, mutane su samu wanka. Da saukar damina rabin 'yan dakonka manoma ne, za su tafi shuka da dashe ko ka yarda ko ba ka yarda ba, gara ka zauna da shugabansu tun kafin ruwa ya sauka a raba kwanaki, a kuma sa babban gyaran inji a wannan tsakanin. Da kaka kuwa, daga Oktoba zuwa Disamba, aiki kan kai dare, a nan ne ake raba mutane kashi biyu, don afaretan da ya yi awa goma sha huɗu a tsaye shi ke sa hannu inda ba a sawa. Hutun awa guda a yinin aiki ma doka ta tanade shi ga wanda ya yi awa shida ko fiye.

Tun kana sabo ka fara koya wa wani littafin. Ka zaɓi wanda ya iya rubutu da lissafi, ba lallai wanda ya fi ƙarfi ko ya fi daɗewa ba, ka sanar da kowa cewa in ba ka nan shi ne. Ka fara bar masa taron safe kana tsaye a gefe, sannan awon shigowa, sannan ƙirgar yamma. Ranar da za ka kai kaya Dawanau, ka bar masa makullin sito da kuɗin mai na yini ɗaya, ka gaya masa abu biyu ko uku da zai kira ka a kansu. In ka dawo, ka fara duba littafi da sandar tanki kafin ka saurari ƙorafin kowa, abin da ya yanke ba daidai ba ku gyara shi ku biyu a ofis, washegari shi zai sanar da gyaran a taron safe.